Gargaɗi: ku kula da mai tallar Mercury "mai tarihi" da sabon fenti

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sha'awar tsofaffin motoci. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan Facebook yana tallar motocin da ya ce na tarihi ne. Ba zan kama sunansa ba, ko na kama ma ba amfani, sau uku ya sauya suna tun da na fara bibiyarsa. Salonsa za ku riƙe, shi ne bai sauya ba.

Ni da wata motar Amurka, Mercury ƙirar 1951, ya kama ni. An sare mata rufi an rage tsayinsa, an cire hannayen ƙofa, an shafe ta da jan fenti mai sheƙi kamar alewa. Ya ce a garejin 'yan uwan nan biyu, Sam da George Barris, da suka yi fice wajen sauya fasalin motoci, aka ƙera ta a Kalifoniya cikin shekarun 1950, wai ya tsinto ta a wani ɗakin ajiya, ya gyara ta "ba tare da ya taɓa tarihinta ba". Ya san sunan da ya kama. Shahararriyar Mercury ɗin da Barris suka yi wa Bob Hirohata an sayar da ita a gwanjo a 2022 kan sama da dala miliyan 2, don haka duk wanda ya ji sunan sai kunnensa ya miƙe. Ya ce masu saye uku na jira, sai na tura kafin alƙalami. Na yi cinikin biri a sama, wannan laifina ne, na amsa.

Da na je ganin motar na tafi da wani dattijo mai gyaran bodi. Bai ko tsaya kallon fentin ba. Ya buɗe ƙofa, ya ɗaga shimfiɗar cikin rufi, ya haska tocila a inda aka haɗa sarar, sai ya kira ni: "Yaro, zo ka gani." Masu aikin wancan zamani da wutar gas suke walda, su bi ta da guduma, sannan su narka dalma su cike gurbi su goge. Abin da ke jikin wannan motar kuwa waldar waya ce ta inji, da ɗigo-ɗigonta, irin wadda ba ta zama ruwan dare a garejin bodi ba sai bayan shekaru masu yawa. Ya ɗan kankare wani lungu da bakin wuƙa. Dalma idan an kankare ta ƙyallin toka-toka take yi. Nan gari ne ya zubo, fila ce zalla, wato kwaɓin da ake cike lotsewar jikin mota da shi, kaurinta ya kusa ɗan yatsa.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, fila ba zunubi ba ce. Tun tsakiyar shekarun 1950 ake amfani da ita, kuma motar da ta shekara saba'in dole wani ya taɓa yi mata faci. Maganaɗisu ma da mutane ke dogara da shi ba ya raba gardama, domin bai kama dalma kamar yadda bai kama fila. Abin da ya tona asirin shi ne babu ko ɗigon tsohon fenti a jikinta. Mai gyaran gaskiya idan tsohuwar mota ta zo hannunsa, samfefa yake bi da ita a hankali, shafi bayan shafi, yana ɗaukar hoto, domin kowane launi da ya bayyana shaida ce ta hannun da motar ta bi. Yakan nemo asalin launin a bayan ƙarfen ado ko ƙarƙashin robar gilashi inda rana ba ta kai ba, ya haɗa sabon fenti da shi, wani ma ya bar ɗan wuri bai shafe ba don na baya su gani. Wannan mutumin ya sa an feshe ta da yashi har ƙarfe, ciki da waje, ya rufe da sabon fenti. Na nemi hoton aikin ko guda ɗaya, ya ce wayarsa ta faɗa ruwa.

Sai takardu. Ya turo wani tsohon hoto baƙi da fari a matsayin hujja. Motar cikin hoton bayanta gajere ne a dunƙule, irin na 1949 da 1950, alhali ta 1951 fuka-fukan bayanta sun fi tsawo, fitilunta a tsaye. Ya kuma haɗo da rahoton binciken lambar jikin mota (VIN) na intanet mai cewa komai lafiya. Lambar mota mai harafi da adadi 17 sai a 1981 aka daidaita ta a Amurka, kuma irin waɗannan rahotanni daga nan suke farawa. To ina ya samo na motar 1951?

Da na ce na fasa, ya ce kafin alƙalami ba ya dawowa, washegari ya toshe ni. Ungulu da kan zabo ya so ya ba ni, Allah ya taƙaita abin ya tsaya a kan wannan kuɗin.

Makon nan na sake ganinsa da sabon suna, yanzu Pontiac GTO ta 1966 yake talla, ita ma da ɗanyen fenti, ita ma masu saye uku na jira. Lambar GTO ta wannan shekarar da 242 take farawa. Ku faɗaɗa hoton da ya saka na jikin ƙofa, 237 za ku gani, lambar wata ƙirar Pontiac ce mai suna LeMans, aka manna mata tambarin GTO.