Tab ko gajerun maɓallai: wanne mai gina manhaja zai fara da shi?

Matasan da ke gina manhajoji a Bauchi suna da hanyoyi biyu na sa manhaja ta yi aiki da allon madannai kaɗai, ba linzamin kwamfuta.

Ta farko ita ce maɓallin Tab. Kana dannawa, alamar da ke nuna inda kake tana tsallakawa daga akwati zuwa akwati. Shift da Tab su dawo da kai baya, Enter ya zartar. Ba sai ka haddace komai ba. Makaho mai amfani da NVDA, manhajar kyauta da ke karanta allo da murya, da Tab yake laluben abin da ke gabansa. Amma dole a jera akwatunan bisa tsari, alamar kuma ta fito sarai. In ta maƙale a wata taga, aiki ya tsaya cik. Hanyar kuma ga ta da jinkiri a dogon fom.

Ta biyu gajerun maɓallai, kamar Ctrl da S don adanawa. Masu buga takardu a Wunti sun san daɗinsu, sauri ba a magana. Sai dai baƙo ba zai gano su da kansa ba, wasu kuma sukan ci karo da maɓallan NVDA.

Ni dai Tab nake sawa a gaba. Gajerun su biyo baya, a rubuta kowanne kusa da umarninsa.