Hattara da mai tallar mikro na jabu a WhatsApp, ya ci mini jika 135

Jama'ar Damagaram, masu sono da mawaƙa da masu busa, ku ji wannan. Akwai wani mutum da ke shiga gurup-gurup ɗinmu na WhatsApp yana tallar mikro na kamfanin Shure, wai na hannu ne da ake kawo masa daga Faransa, wai yana da shago a Yamai. Macuci ne. Jika 135 na tura masa. Sefa dubu 135, mikro uku, kowane jika 45, ban da jika 3 na kuɗin mota da ya ce in ƙara. Kuma kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai, jika 45 a ciki na Baba mai algaita ne da muke zuwa biki tare, dattijo sa'an mahaifina. Da hannunsa ya ƙirgo ya ba ni, ya ce, "Ɗana, kai ka san kayan nan, ka zaɓo mini mai kyau."

Masu cewa garaje na yi, ku dakata. Ba yau na fara riƙe mikro ba, kuma na san abin da nake nema: samfurin SM58 biyu na masu waƙa, samfurin SM57 ɗaya na algaita. SM57 tun 1965, SM58 tun 1966 ake ƙera su, har gobe su ake gani a dandali, don ba sa neman wutar 48V daga miksa, suna jure faɗuwa, kuma ta gaba suke ɗaukar sauti, shi ya sa ba su cika sa bafil kuka ba. A lokacin, sabo a Amurka wajen dalar Amurka 100 ne, kusan jika 60 ke nan kafin kuɗin kawowa da na duwan. To na hannu a jika 45 ai farashi ne na hankali. Da jika 10 ya ce, ko amsa shi ba zan yi ba.

Bakinsa ne ya kama ni. Mun yi kiran bidiyo, na ce bari in gwada shi, na ce kondansa, wato irin mikro ɗin nan mai saurin kama sauti, nake so in sa wa algaita. Ya ce, "A'a babban yaya, kar ka soma. Algaita ƙarfi gare ta, ga shi a fili kuke wasa, ga ganguna ga iska, kondansa komai zai kwaso. Ka sa 57, ka ba shi tazarar taƙi ɗaya daga bakin algaitar, ka ɗan karkata shi gefe don kaifin ya ragu." Wallahi gaskiya ya faɗa, ko ni abin da zan gaya wa yarona ke nan. Sai ya ɗauko 57 ɗin ya kawo dab da kyamara, ya murza kan da yatsa, kan yana juyawa yadda na asali ke yi. Ina ji aka kira la'asar a bayansa, ya ce bari ya je masallaci ya dawo mu ƙarasa. Ya kuwa dawo ya kira ni da kansa. Nan wurin ne ke hana ni barci. Mutum ya katse ciniki don salla, ya dawo, yana ce mini babban yaya, yana murza kan mikro a gaban idona. Ku gaya mini wane ne a cikinku ba zai tura ba?

A wani biki a Birni asiri ya tonu, gaban mutane. Ina ɗaga murya kaɗan bafil ya ɗauki kuka, mata suna toshe kunne. Mai waƙarmu in ya motsa yatsa a jikin mikro sai ka ji ƙugi, muryarsa kuwa kamar daga cikin gwangwani take fitowa. Baba ya cika kumatu ya busa, sautin ya fito a tsage, ba kauri ba daɗi. Ya sauke algaitar, ya ture sandar mikro ɗin gefe, ya ci gaba da busarsa haka nan. Bai ce mini uffan ba har muka watse. Uban ango kuma ya rage mana kuɗi.

Kafin nan ma, ranar da na ɗauko kolin a tasha, na ji ba su da nauyi a hannu, na kira shi nan take. A'a, saƙon murya na fara tura masa, shi ya kira da dare. Ya ce wai sabon samfuri ne, an rage musu nauyi. Kwali ga shi da tambari, ga jakar zif, ga takarda, komai tsaf. Kuma lambarsa na shiga a lokacin, har yana tambaya ta lafiyar iyali.

Bayan bikin na kai su wurin wani mai gyara kusa da Kasuwar Dole. Ya ɗora 58 a ƙaramin sikeli, na asali giram 298 ne, wannan ko kusa bai kai ba. Ya kwance shi ta tsakiya. Na asali akwai ƙaramar taransifoma a cikin mariƙin, an dasa ta da gam. Wannan fayau yake, wasu siraran wayoyi biyu kawai suka zarce zuwa fulogi. Kan 57 ɗin kuwa a manne yake, ko motsi ba ya yi. Ke nan na asali ya nuna mini a bidiyo, ya ƙunso mini wasu daban. Yana da na kirki guda biyu da yake nuna wa kowa. Jika 135 a kan kayan da mai gyara ya ce ko kyauta ba zai sa a sono ɗinsa ba.

Na tura masa hoton cikin mikro ɗin, ya gani, ya toshe ni. Ya fita daga gurup, lambar a kashe. Na sa wani ɗan'uwana a Yamai ya je unguwar da ya kwatanta, babu shago, babu wanda ya san shi. Allah ya isa, ban yafe ba, jika 135 da na mota jika 3.

Hotunan hirarmu, da rasit ɗin tura kuɗi, da saƙon muryar da na tura masa, duk suna wayata, zan saka su da dare in rezo ya yi kyau. Kar ku biya kuɗin mikro sai kun riƙe shi, kun jona a miksa kun ji da kunnenku. Bidiyo ba shaida ba ce. Wanda mutumin nan ya taɓa cuta ya yi mini magana ta ciki, mu haɗa takardunmu mu kai komisariya tare.