Sharhi a kan kwaikwayon TB-303 da na saya a Yamai

Na sayi wannan ƙaramar na'urar kiɗa ta analog, wato wadda wutar lantarki ke haɗa sautinta kai tsaye ba lissafin kwamfuta ba, wadda aka ƙera bisa tsarin TB-303, daga hannun wani mai shigo da kayan kiɗa a nan Yamai, kuma muryarta ta wuce abin da na yi tsammani a kan kuɗin da na biya. Ta ainihin, wadda kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1981 ya kuma daina ƙerawa a 1984, ta fi ƙarfin aljihun irinmu, saboda haka kwaikwayo ne rabonmu. Asali an yi TB-303 ne domin ta tsaya a madadin mai kaɗa gitar bas, amma makaɗa suka ji ko kusa ba ta yi kama da gita ba, suka watsar da ita, har sai da samarin ƙungiyar Phuture na birnin Shikago a Amurka suka same ta da araha, suka riƙa murɗa maɓallanta tana cikin kaɗawa, suka fitar da faifan "Acid Tracks" a 1987. Kuka mai lanƙwasa da ke cikin wannan faifai shi nake nema domin haɗa asid tekno, wani salon kiɗan rawa da ake yi da na'urori, kuma na same shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda matatar sautin, wato sashen da ke rage ko sakin kaifin sauti, take amsawa idan aka ɗaga razonans, maɓallin da ke sa sautin ya yi tsini, kusa da ƙarshensa, sannan aka riƙa buɗe ta sannu a hankali. A jerin taku 16 da na'urar take maimaitawa, kowane taku ana iya sa masa aksan, wato ƙarin ƙarfin bugu, ko zamiya, kuma idan aksan biyu ko uku suka biyo juna sai kukan ya riƙa hawa, kowane ya ɗara na bayansa kaifi. Zamiyar kuwa tana jan sauti daga wani mataki zuwa wani ba tare da ya yanke ba, kamar yadda mai kalangu yake matse tsarkiya a hammata ganga ta sauya murya. Na haɗa ta ta wayar MIDI, wadda ke sa na'urorin kiɗa su tafi tare, da injin gangata, wanda shi ma kwaikwayon TR-909 ne na 1983, na sa gudu a kan bugu 140 a minti, suka tafi tare babu wanda ya tsere wa wani.

To amma duk wannan yabo sai bayan na sha wahala ya samu, kuma wahalar daga wurin mai sayarwa ta fito. Da aka buɗe kwalin a shagonsa, adaftar da ke ciki mai hancin Amurka ce wadda aka yi domin wuta mai ƙarfin bolt 110 zuwa 120, alhali wutarmu a Nijar 220 ce. Na nuna masa, sai ya ce, "Kada ka damu, ƙanena, ga wata daidai da ita," ya jawo wata adafta daga cikin dirowa, ya nuna mini rubutun bolt 9 a bayanta. Na ce masa, "Alhaji, ka tabbata tsakiyar bakinta daidai take da abin da na'urar take so?" Domin irin waɗannan adaftoci kashi biyu ne, akwai wadda tsakiyar bakinta ce ke ɗauke da waya mai wuta, akwai wadda gefen ne, kuma kayan kiɗa ba su taru a kan tsari ɗaya ba. Ya rantse cewa ya sayar wa mutane da dama da irinta, babu wanda ya dawo da ƙorafi.

Da na isa gida na jona ta, fitilun gaba suka yi ƙyalli sau ɗaya suka mutu, sai wani siririn wari na ƙonannen roba ya fito ta ramin da ake soka wayar. Na koma shagon da na'urar a hannu, ko ledar da ke kan fuskarta ban ɓare ba, amma Alhajin da ya kira ni ƙanensa jiya ya murtuke fuska, ya ce kuran ne ya kawo da ƙarfi ya ƙona ta, shi ba ya ɗaukar alhakin wutar gari. Na ce masa fanka da rediyo suna jone a wuri guda a daidai lokacin, babu abin da ya same su. Ya ce kaya sun fita sun fita. Yaron shagon, wanda a gabansa aka yi rantsuwar, ya sunkuyar da kai yana goge wani fiyano da tsumma, bai ce uffan ba. Har yanzu idan na tuna da wannan tsayuwa da na yi a bakin kanta raina yana ɓaci, domin da ya ce kuskure aka yi mu raba asarar, da na yarda.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwar Katako ne ya cece ni. Ya kwance bayanta, ya sa mita, ya bi hanyar wuta da tsinin ƙarfensa har ya tsaya a kan wani ɗan diyod, ƙanƙanin abin da ke barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai, da ya yi baƙi ƙirin ya tsage a tsakiya. Ya ce, "Yaro, ka gode wa Allah, wannan shi ya tare wutar da ta shigo a juye, ba don shi ba da allon gaba ɗaya ya tafi." Ya ciro wani daga tsohuwar rediyo ya narka dalma ya liƙa, ya sauya wa adaftar wayoyinta biyu, ya karɓi jika biyu. Jerin sautukan gwaji da suka zo a cikinta duk suna nan, wanda ya nuna mini cewa waɗanda suka tsara cikin na'urar sun san aikinsu.

Sai dai da na zauna da ita sosai, na fara ganin inda aka yi tsumulmula wajen ƙira. Jikinta roba ce marar nauyi, idan ka kama maɓallin matata da kuzari sai duk na'urar ta biyo hannunka a kan tebur, ga shi asid tekno kiɗa ne da hannu ba ya barin maɓalli. Ƙurar hunturu ta shiga ƙarƙashin wannan maɓallin, yanzu yana ƙarar ƙaiƙayi a daidai tsakiyar juyinsa, wurin da kukan ya fi daɗi, kuma ƙarar tana shiga cikin abin da nake naɗa. Da zafin Afrilu ya kama kuwa, lokacin da Yamai take haura digiri 40, sai muryarta ta riƙa kaucewa daga inda na daidaita ta. Wannan hali ne na analog, na san da shi, shi ya sa ake barin irinsu su ɗumama kafin a fara aiki, amma tata kaucewar ta yi yawa, har sai na tsayar da naɗi na sake daidaita ta da sauran kayan. Shigar da jerin sauti ma aiki ne, tunda sun kwaikwayi tsohon tsarin da ake shigar da matakan sauti daban, tsawon lokacinsu daban. Wannan ban riƙe shi laifi ba, don sau da yawa abin da ya fito ba da niyya ba ya fi wanda na shirya daɗi.

Da na fara wannan rubutu niyyata in ce kowa ya saya, amma da na lissafa kuɗin gyara da na zirga-zirga da kuma maɓallin da zan sake kai wa dattijon Katako ya wanke, sai na ga arahar ta ragu ƙwarai. Wanda ya nace sai ya saya, ya sa a jona masa ita a cikin shagon, ya ji kukanta da kunnensa kafin ya miƙa ko dala. Alhajin kuwa ya yi mini alkawarin adaftar ainihi mai hancinmu idan sabbin kaya sun iso daga Kwatano, kayan sun iso na gan su a shagon, shi kuma ya daina ɗaukar wayata.