Gargaɗi ga 'yan'uwa a Ingila kan dillalan inshorar mota na bogi

Jama'a, don Allah duk wanda aka taɓa dakatar masa da lasisin tuƙi a nan Ingila ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗin inshora.

Ƙanina abin ya faɗa wa. Makin laifin tuƙi 12 suka taru masa a lasisi cikin shekara uku, kotu ta hana shi tuƙi wata shida. Da wa'adi ya cika ya shiga neman inshora, wannan kamfani ya tsawwala masa, wancan ya ce ba ya yi. Ga shi da motar yake kai yara makaranta, da ita yake zuwa aikin dare. Ana haka aka ba shi lambar wani dillali a WhatsApp, wai yana da hanya, rabin kuɗi zai biya. Mutumin nan da sallamarsa, har jaje ya yi masa. Ya karɓi kuɗi ta asusun kansa, ya turo takarda da tambarin kamfani tsaf.

Ba a rufa wata biyu ba 'yan sanda suka tare shi, kyamararsu ta nuna motar ba inshora. Nan take aka ɗauke ta. A bas ya dawo gida, kujerar yaro a hannunsa, ya kasa haɗa ido da matarsa.

Wasu daga cikin dillalan nan takardar jabu suke bugawa. Wasu inshorar gaske suke saya da sunanka, amma su ɓoye dakatarwar, su canza adireshi, ranar da ka yi haɗari kamfani ya ce bai san zance ba. Wanda ya fi mugunta shi ne wanda aka yi wa ƙanina: a saya, ka duba ka ga komai daidai, bayan kwanaki a soke a karɓe kuɗin. Kai kuma tarar fam 300 da maki 6 a wuyanka, in ma ba a kai ka kotu ba.

Kafin ka biya, nemi sunan dillalin a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kuɗi da inshora. Kira kamfanin da lambar da ke shafinsu, ba wadda ya ba ka ba, ka tambaye su ko an rubuta dakatarwarka. Duba lambar motarka a askMID, shafin da ke nuna ko mota na da inshora, bayan sati biyu ka sake dubawa.

Mun kai ƙara Cheatline, layin kai rahoto na Insurance Fraud Bureau, masu yaƙi da damfarar inshora. Lambar mutumin a kashe take, amma jiya na ga tallan nan sak a wani zaure, da sabuwar lamba.