KardiaMobile a hannun dattijo mai mantuwa

Mahaifinmu ya haura shekara 70, kuma yana da rikicewar bugun zuciya, irin wadda likitoci ke kira AFib. Ɗakunan sama na zuciya suna karkarwa maimakon su buga daidai, sai jini ya kwanta ya daskare, gudan ya iya tafiya ƙwaƙwalwa. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki yakan ninka kusan sau 5. Ana kuma ganin alaƙarta da raguwar tunani a tsufa, ko da mutum bai taɓa shanyewa a fili ba, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Baba ya fara mantuwa. In likita ya tambaye shi yaushe ƙirjinsa ya yi fat-fat, amsarsa ɗaya ce: "Lafiya lau, ɗana." Ba ɓoyewa yake yi ba, abin ne ya shige masa. Shi ya sa muka sayi KardiaMobile, wata na'urar auna bugun zuciya ta kamfanin AliveCor.

Tsawonta kamar na katin banki ne. Za ka ɗora yatsu biyu na kowane hannu a kan ƙarafanta na daƙiƙa 30, zanen bugun ya fito a waya, da rana da lokaci. Babu igiyoyin da ake jonawa a jiki, babu abin mannawa a ƙirji. Hannun tsoho yana rawa, don haka nakan zaunar da shi, ya kwantar da hannayensa a kan tebur, ya yi shiru. Shi kaɗai ba zai iya sarrafa manhajar ba, dole wani ya zauna kusa.

Da waɗannan zane-zane likitan ya ga rikicewar tana yawan dawowa, ya gyara masa maganin daidaita bugu, ya kuma ja mana kunne sosai a kan maganin tsinka jini, kada a tsallake ko sau ɗaya.

Kada wani ya sayi na'urar da zaton za ta dawo da tunanin tsohonsa. A wani bincike da aka yi kan masu AFib, mai suna EAST-AFNET 4, na 2020, daidaita bugu da wuri ya rage shanyewar jiki da mutuwa ta dalilin zuciya, amma gwajin tunani bai nuna bambanci ba bayan shekara 2. Na'urar ba ta gano toshewar jijiyar zuciya, kuma ba a yi ta don wanda aka dasa wa batirin daidaita bugun zuciya ba. Ga iyalin da ke jinyar dattijon da ba ya iya bayyana ciwonsa, ina ba da shawarar a saya, a kuma riƙa kai wa likita sakamakon.