Lebiyen ƙasa na 505 a cikin tsohuwar 404 bashe: yana aiki, amma sai an zauna masa

Peugeot 404 bashe, wato a-kori-kura, ta fito ne da lebiye, sandar saka giya, a jikin bolan (sitiyari), wanda aka yi don vitesi huɗu da ta baya. Duk wanda ya sauke buwat ɗinta, wato akwatin giya, ya ɗora mai vitesi biyar ta 505, dole giya ta sauko ƙasa. Wannan sharhi a kan lebiyen ƙasa ne na kwance, irin wanda ake samu wajen masu kayan Pijo a nan Damagaram, ko a kawo daga Kano ta hanyar Matamai. Kayan ba su yi wuya ba, tunda kamfanin PAN na Kaduna ya shafe shekaru yana haɗa 504 da 505. An gwada shi a bashe mai jigilar buhuna tsakanin Zinder da Mirriya.

Hukunci tun farko: ya fi na ƙirar maƙera nesa ba kusa ba, muddin an saye shi cikakke. Cikakke na nufin sandar da mazauninta, da biyelet biyu (ƙananan sandunan da ke haɗa sandar da buwat), ɗaya mai zaɓen layi ɗaya mai shigar da giya, da kofunan roba na bakinsu, da robar rufin ƙura. Ƴan kasuwa sun saba miƙo sanda tsirara su ce sauran "ana haɗawa". Kada a karɓa. A cire shi daga motar da aka ciro buwat ɗin in da hali, don tsawon biyelet ya dace.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne huda daɓen motar. Ba a yanka sai buwat ta zauna a kan mazauninta, an ɗaure kardan (ƙarfen da ke kai juyi daga buwat zuwa tayoyin baya), mota ta sauka kan ƙafafunta. Daga ƙasa ake huda ƙaramin rami da injin huda mai bakin milimita 4 a daidai tsakiyar inda sandar za ta fito, sannan a faɗaɗa daga sama kaɗan-kaɗan. A bar sarari kamar santimita biyu kewaye da sandar a kowace giya, saboda inji yana murɗawa idan an taka wuta da kaya a baya. Ramin da ya matse shi ke sa a ji ƙarar ƙarfe a ta ɗaya da ta baya, mai mota ya dinga zargin buwat alhali ba ruwanta.

Sai maganar mazaunin sandar, wadda ita ce zuciyar aikin. Sauƙi yana jan makaniki ya yi wa mazaunin sudur, wato walda, a jikin daɓe. A kan gudron ba a ganin komai. Amma a bar titi a shiga hanya mai gargada: buwat na rawa a kan robobinta, daɓe na tsaye, biyelet na ja da turawa, sai ka ga ta uku ta tsallake ta koma puwamor, wato firi, ba wanda ya taɓa ta. Maganinsa faranti ne na ƙarfe mai kaurin milimita 4 ko 5, a ɗaure shi da bulon M8 a wutsiyar buwat, mazaunin ya hau kansa, komai ya yi motsi tare. A sa noti mai roba a ciki, na banza kwancewa yake yi. Kuma in robar mazaunin buwat ta mutu, a sake ta tukuna, in ba haka ba wahalar banza ake.

Saiti a puwamor ake yinsa. Sandar ta tsaya a layin ta uku da ta huɗu, a daidaita biyelet mai zaɓe da rabin zagaye rabin zagaye. In ta ɗaya na shiga amma ta biyar na ƙi, ko akasin haka, tsawonsa ne bai yi ba, ba sinkoro ba, wato zoben cikin buwat mai sauƙaƙa shigar giya.

Aibinsa babba kujera ce. Ta 404 doguwa ce ta mutum uku, ita kuwa sandar 505 an yi ta don kujeru biyu, saboda haka a ta biyu da ta huɗu takan daki bakin kujera kafin giya ta gama shiga. Ana lanƙwasa sandar gaba da shalimo, wato wutar walda ta gas, sama da ƙwallonta, bayan an cire duk wata roba, a bar ta ta huce da kanta ba a tsoma ta a ruwa ba. Ko an yi hakan, fasinjan tsakiya sai ya koyi kawar da gwiwa. (Masu ɗora mutum huɗu a gaba, ku yi haƙuri, wannan gyara ba naku ba ne.)

Ƙurar hunturu ma ba ta raga masa. Giris da yashi in sun haɗu a kofunan nan cinye su suke yi, sandar ta koma kamar muciya a tukunya. A shafa giris kaɗan, a rufe ramin da roba biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Tsohon tib na taya yana yi a ƙasan. Kada a manta da wayar fitilar giyar baya, kuma tsofaffin sandunan bolan a kwance su gaba ɗaya, don in an bar su suna lilo sukan goga tiyon birki.