Sharhi: sabon sifirin na gaba da na sa wa tsohuwar Ford Model A

Motar Ford Model A ce ta 1930, irin waɗanda Amurkawa ke cire wa madigadi, su sa musu babban inji su kira su hot rod. Tawa injin Chevrolet 350 ne a ciki, ita kuwa da ƙaramin inji mai silinda 4 ta fito daga kamfani. Nauyin nan da tsufa suka haɗu suka kwantar da sifirin na gaba, har ta kai ko ɗan rami na faɗa sai na ji shasi ya doki aksil.

Sifirin ɗin falle-fallen ƙarfe ne da aka jera, kamar na bayan Peugeot 404 akori-kura, sai dai nan guda ɗaya ne tak, kuma a gicciye yake daga taya zuwa taya. Haka Ford ta riƙa yi har 1948. Da ya gaji sai ya miƙe ya ƙara tsawo, shakul ɗin da ke riƙe bakinsa biyu su sauko su tsaya a tsaye. Daga nan jikin mota zai fara lilo hagu da dama a kan aksil, sitiyari yana wasa a hannunka.

Wani makanike a nan Ohio ya ce in kai a sake lanƙwasa tsohon. Na ƙi, don fallayen duk tsatsa ta ci su, kowanne ya yi wa na ƙarƙashinsa gurbi. Na yi odar sabo ta intanet, mai faɗin inci 1 da kashi uku cikin huɗu, mai juyayyen ido (naɗin bakinsa inda shakul ke kamawa) wanda ke sauke gaban mota kamar inci 1, da 'yan maɓallan roba masu santsi a bakin kowane falle.

Ɗaurawar ce aiki. Sabon sifirin a lanƙwashe yake sosai, ba zai kai shakul ba sai an buɗa shi da ƙarfen buɗawa na musamman. Takardar da ta zo a kwalin ko ambatonsa ba ta yi ba, bushin ɗin ma sai da na saya daban, kuma wannan ya ba ni haushi. Kada wanda ya gwada dabarar buɗa shi da jak da katako, ƙarfen nan in ya kuɓuce yana iya karya hannu. Notin shakul kuma ba a ɗaure shi tamau sai mota ta sauka a kan tayoyinta.

Ranar farko gaban ya ɗaga har ta yi muni. Bayan 'yan makonni ana hawa ya zauna, shakul suka tsaya a digiri 45, inda ake so. Ƙarar nan ta ƙiiƙii ta ɓace, lilon ma haka, kan mota ya daina nutsewa in na taka birki. Taushinsa ya fallasa tsofaffin shokabzoba, dole su ma na canza.

Kuɗinsa bai kai dala 300 ba, kuma ya ci kuɗinsa. Mai niyyar saye ya fara auna tazarar da ke tsakanin maƙalan sifirin biyu na kan aksil ɗinsa, don aksil ɗin da ake sayarwa yanzu ba duka faɗinsu ɗaya da na asali ba.